Masu Farautar Dukiyar Mutanen Dā a Dazukan Nok

Tun zamanin kakanni ake labarin tukwanen zinariya da aljanu ke gadi a kufai, amma dukiyar da ta tabbata a dazukan kudancin Kaduna ba zinariya ba ce, yumɓu ne gasasshe. A shekarar 1928 masu haƙar kuza a kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba, suka tono wani ɗan kai na yumɓu, ba wanda ya san asalinsa, har sai bayan shekara goma sha biyar da aka kai wa wani Bature, Bernard Fagg, wani kan daga wajen Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya kafa a gonarsa ta doya don korar ɓarna. Da Fagg ya gwada su biyun ya ga sifarsu ɗaya, sai ya haƙiƙance cewa wata al'umma ce mai hikima ta yi su, wadda ta shuɗe ba ta bar ko sunanta ba. Shi ya sa ake kiranta da sunan ƙauyen.

Duk wanda ya tsaya gaban ɗaya daga cikin waɗannan siffofi na yumɓu a gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, lalle zai jinjina wa magininsa: ga idanu masu kusurwa uku da huda a tsakiyarsu, ga kitso daki-daki, ga duwatsun wuya jere har ƙirji, alhali kuwa masana sun ce mutanen nan sun zauna a wurin tun kimanin shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu, kuma a Taruga an sami wuraren da suke narka tama.

To, da labari ya kai kunnen attajiran Turai, sai kwaɗayi ya shigo. Cikin shekarun 1990 samari suka bar noma suka bazu cikin daji da diga da shebur, suna bin inda suka ga tsingaro ko tsohon dutsen niƙa, suna haƙa rami bayan rami har tudu ya zama ba ya nomuwa. Dillali ya biya su abin da bai taka kara ya karya ba, ya ƙetare iyaka da kayan a ɓoye, can kuma a sayar da tsada mai ban tsoro. Haka aka yi a Kwatarkwashi ta Zamfara, haka kuma a Bura ta Jamhuriyar Nijar. Har gidan tarihi na Louvre a Faris ya baje wasu kayan Nok a 2000, aka yi ta jayayya, daga bisani Faransa ta yarda mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25.

Ba na zargin talaka da yunwa ta kai shi daji kamar yadda nake zargin wanda ya aike shi, sai dai wajibi ne a gane girman hasarar. Mai ilmin tono yana yin makonni a rami guda, yana share ƙasa da ɗan buroshi, yana tsince gawayi da ƙwayar gero da ta ƙone, domin daga waɗannan ake lissafa shekarun wurin, a san abin da mutanensa suka ci da yadda suka yi zamansu. Da irin wannan haƙuri masanan Jami'ar Frankfurt suka yi aiki a yankin tun 2005. Mai diga kuwa kan mutum-mutumin kaɗai yake so, sai ya watsar da saura, kuma abin da ya watsar ba ya sake haɗuwa har abada.

Wasu kan ce ai gumaka ne, ina ruwan Musulmi da su. Ba bauta musu aka ce a yi ba, adana su aka ce, domin duban sawun al'ummomin da suka gabata ibra ce ga masu hankali. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana cinikinsu da fitar da su ba da izini ba. Saboda haka wanda garmarsa ta ci karo da irin wannan abu, ya bar shi inda yake, ya sanar da mai gari, a kai labari ga gidan tarihi mafi kusa.