Dalilin da ya sa waken gida ba ya fure sai damana ta kusa ƙarewa

Ƴan uwa makiyaya, tambayar da nake yawan samu a taron ƙungiyoyi ita ce: me ya sa wanda ya shuka waken gida a Yuni da wanda ya shuka a ƙarshen Yuli suke ganin fure kusan lokaci ɗaya, amma harawarsu ba ɗaya ba?

Amsar tana cikin tsawon yini. A yankin Maraɗi da Damagaram, yini ya kan kai kusan awa 13 a ƙarshen Yuni, daga nan ya riƙa raguwa har ya koma awa 12 a ƙarshen Satumba. Ganyen shuka ne ke auna tsawon dare. Idan dare ya kai yadda irin yake so, ganye ya kan haɗa wani sinadari ya aika shi kan reshe, sai reshen ya bar fidda ganye ya koma fidda fure. Masana a Amurka sun bayyana wannan alaƙa ta fure da tsawon yini tun 1920. Waken gida mai yaɗo, da maiwa, da dawar gargajiya, da gamba, duk haka suke: lokacinsu suke jira, ba yawan ruwa ba.

Shi ya sa wanda ya shuka da wuri wakensa ke samun makonni da yawa yana yaɗo kafin fure, ya tara harawa. Wanda ya makara kuwa, fure na riskar wakensa yana ƙarami, damin ya yi kaɗan. Irin zamani masu saurin nuna, da yawansu ba ruwansu da tsawon yini. Suna ba da ƙwaya da wuri, amma ganyensu bai kai na gida ba. Shawarata ga mai bisashe ita ce ya raba gonarsa, ya shuka duka biyun.

Gamba kuma, da zarar ta fara fidda kai, kara na tauri, abincin da ke gina jiki ya ragu. Ku yanke ta kafin nan, ku shanya a inuwa, ku ɗaure ku ɗora kan rumfa. Harawa ma ku kwashe ta da zarar kun roro wake, tun ganye na kore bai zube ba. Ita ce za ta riƙe tunkiya mai ciki da saniya mai shayarwa a Afrilu da Mayu, lokacin da daji ya ƙone kuma dami ya yi tsada a kasuwa.