Ɓarawon da Zanen Barkwanci Ya Kama

Mai karatu, ɗauka kai ne jami'in shige da fice a Lolo, nan ƙasar Illo, inda Najeriya ke ƙarewa Jamhuriyar Benin ta fara. Rana ta take, ga 'yan kasuwa da kaya a kai, ga masu babura suna jiran ka ɗaga musu hannu. Sai aka miƙo maka takarda daga manya, aka ce wani ƙasurgumin ɓarawon gwamnati zai biyo ta nan, ka tabbata bai wuce ba. Ka buɗe kana zaton hoton fasfo za ka gani, sai ka tarar da zanen barkwanci da aka yago daga jarida: wani mai ƙaton tumbi da dogon hanci, rubutun da ke ƙarƙashinsa kuma cikin yaren da ba ka ji. Me za ka yi? Za ka yi dariya ka ninke takardar, ko za ka fara duban fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya?

Wannan ba tatsuniya ba ce. Haka ta faru a tashar jiragen ruwa ta Vigo, a ƙasar Sifaniya, cikin watan Satumba na 1876. Amma kafin mu isa Vigo, sai ka san wane ne mai tumbin, wane ne kuma ya zana shi.

Mai tumbin sunansa William Tweed, haifaffen birnin New York a 1823. Ya fara ne cikin 'yan kwana-kwana na sa kai, waɗanda tambarinsu kan damisa ne, daga nan ya yi ta hawa har ya zama ubangidan Tammany Hall, ƙungiyar da ke juya jam'iyyar Dimokurat a birnin. Ba shi ne magajin gari ba, amma shi ke nuna wanda zai zama. Alƙalai da 'yan majalisa da 'yan kwangila duk ta ƙofarsa suke bi. Baƙin da ke sauka daga Turai, musamman mutanen Ailan, yaransa ke sama musu aiki da takardar zama ɗan ƙasa da gawayin jin ɗumi lokacin sanyi, su kuma ranar zaɓe su biya da ƙuri'a. Tweed ƙato ne, nauyinsa ya kai kilo 130, kuma yana son maƙala wani babban lu'ulu'u a gaban rigarsa. Riƙe wannan lu'ulu'u a ranka, domin yana cikin abubuwan da suka ja masa.

Yadda suke satar ba baƙo ba ne a wurinka. Ɗan kwangila zai kawo takardar kuɗin aikinsa, a ce masa ya koma ya ninka, a biya shi daga baitulmali, ya cire nasa ya mayar wa manya da sauran. Ginin kotun birnin da aka ware wa dala 250,000 da farko, sai da ya lashe wajen dala miliyan 13. Wani mai filasta, Andrew Garvey, an rubuta masa sama da dala 130,000 ladan aikin kwana 2. Daga baya, a 1877, kwamitin majalisar birnin ya ƙiyasta abin da aka wawure tsakanin dala miliyan 25 da miliyan 45, a zamanin da lebura ke yini yana aiki bai samu dala 2 ba. Mutane da yawa sun sani. To, wa zai faɗa?

Wanda ya faɗa ba da baki ya faɗa ba. Thomas Nast ɗan ƙasar Jamus ne, an haife shi a garin Landau a 1840, aka kawo shi New York yana ɗan shekara 6. Boko bai karɓe shi ba, hannunsa kullum yana kan zane. Yana da shekara 15 ya samu aiki a wata jarida mai hotuna, daga 1862 kuma ya zama mai zanen mujallar Harper's Weekly. A lokacin ba a iya buga hoton kyamara kai tsaye a jarida. Sai mai zane ya zana a kan guntun katako mai tauri, masassaƙa su bi layukan da 'yan ƙananan wuƙaƙe, a shafa tawada a buga. Shi ya sa idan ka matso da zanen Nast kusa da idonka, ba za ka ga inuwa ba sai ɗaruruwan siraran layuka da suka gicciye juna, inda suka yi yawa ya yi duhu, inda suka yi kaɗan ya yi haske. Da waɗannan layukan ya yaƙi mutumin da ke riƙe da kotu da 'yan sanda.

Dabararsa ita ce maimaici. Ya zaɓi abubuwa kaɗan daga jikin Tweed: tumbin, sanƙon, dogon hancin, ƙananan idanun da suka faɗa ciki, da lu'ulu'un nan, ya dinga jera su mako bayan mako har yaran titi suka haddace fuskar. Ran nan ya zana Tweed da abokansa sun yi da'ira, an tambayi wanda ya saci kuɗin jama'a, kowa yana nuna na kusa da shi da yatsa. Wani makon ya mai da su ungulaye a kan dutse, ƙasusuwa a ƙarƙashin ƙafafunsu, suna jiran hadari ya wuce. A Oktoban 1871 ya yi wanda ya fi kowanne: jikin Tweed tsaye, hannaye a aljihu, lu'ulu'u yana walƙiya, amma a wurin kai sai jakar kuɗi mai alamar dala. Babu ido, babu hanci, babu baki, duk da haka babu wanda bai gane shi ba. Har damisar 'yan kwana-kwanan nan ta ƙuruciyarsa sai da Nast ya ɗauko ta, ya zana ta tana yayyaga wata mace da ke wakiltar ƙasa, ana saura 'yan kwanaki a yi zaɓe.

A watan Yulin shekarar, jaridar New York Times ta samu kwafin littattafan kuɗin birnin ta fara bugawa, lamba bayan lamba. Abin mamaki, ba lambobin ne suka fi hana Tweed barci ba. An ruwaito cewa ya gaya wa yaransa bai damu da abin da jaridu ke rubutawa ba, tunda yawancin masu zaɓensa ba su iya karatu ba, amma a tsayar masa da hotunan nan, don su kam kowa yana ganinsu. Gani ya kori ji, kuma Tweed ya san haka fiye da kowa. Sai ya yi abin da ya fi iyawa.

Kamar yadda Albert Bigelow Paine, wanda ya rubuta tarihin rayuwar Nast a 1904, ya kawo, wani ma'aikacin banki ne ya zo har gidan Nast. Ya yabi basirar Nast, ya ce wasu masu hali sun ga ya dace ya je Turai ya ƙaro ilimin zane, sun tanadi dala 100,000. Nast ya yi kamar ya kwaɗaitu, ya tambaya ko za a iya ƙarawa. Aka ƙara. Ya sake ja, aka sake ƙarawa, har ciniki ya kai dala 500,000.

Tsaya nan, mai karatu. Kana da mata da ƙananan yara. Albashinka na shekara ko kusa da kashi ɗaya cikin hamsin na wannan kuɗi bai kai ba. Ba a ce ka yi ƙarya ba, ba a ce ka yabi kowa ba, an ce kawai ka ajiye alƙalami ka tafi karatu. Wanda ya aiko kuma yana da 'yan daba, kuma ka san idan ka ƙi kuɗinsa ba zai ce Allah ya kiyaye hanya ba. Da kai ne, me za ka ce wa baƙon? Nast ya ce masa ya riga ya ƙudurta sai ya ga mutanen nan a bayan ƙarafunan kurkuku. Bai daɗe ba ya kwashe iyalinsa daga birnin zuwa Morristown a jihar New Jersey, ya ci gaba da zane.

Da kuɗi ya ƙi ci, sai aka koma kan masu mujallar. Kamfanin Harper yana sayar wa makarantun birnin littattafai, sai aka soke cinikin. Wasu daga cikin masu kamfanin suka fara tunanin ja da baya, amma ɗaya daga cikinsu, Fletcher Harper, ya tsaya wa mai zanensa. Ni a ganina jarumtar wannan dattijo ba ta gaza ta Nast ba, domin aljihunsa ne aka taɓa kai tsaye.

An kama Tweed a Oktoban 1871, aka ba da belinsa kan dala miliyan 1. Shari'ar farko ta watse ba hukunci. A ta biyu, cikin Nuwamban 1873, aka same shi da laifuka 204, aka yanke masa shekara 12, amma kotun sama ta rage zuwa shekara 1. Yana fitowa aka sake damƙe shi kan ƙarar neman dala miliyan 6, aka sa beli dala miliyan 3 da ya kasa biya, aka kai shi gidan yarin titin Ludlow. Sai dai zaman nasa ba irin na talaka ba ne: gandirobobi kan fita da shi shan iska a keken doki, har su biya da shi gida. Ranar 4 ga Disamba 1875 suka kai shi gidansa, ya ce bari ya hau bene ya gaida matarsa. Suka zauna a falo suna jira. Bai sake saukowa ba.

Ya ɓuya na wani lokaci, ya aske gemu, ya koma amsa sunan John Secor, ya gangara Florida, ya tsallaka Kuba, daga can ya shiga wani jirgin ruwa mai suna Carmen zuwa Sifaniya. Lissafinsa mai kyau ne, don a lokacin babu yarjejeniyar miƙa masu laifi tsakanin Amurka da Sifaniya. Ya rame, ya canja kama, ya sa teku tsakaninsa da masu nemansa. Abu ɗaya ne bai sa a lissafi ba.

Jami'an Amurka sun gano inda jirgin ya dosa, suka nemi Sifaniya ta tare shi, amma ba su da hotonsa da za su bayar. Abin da ke hannu shi ne Harper's Weekly ta ranar 1 ga Yuli 1876. A ciki Nast ya zana Tweed sanye da kayan fursuna masu ratsi, ya cafko wasu yara biyu ta wuyan riga da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da kulki. Zanen ma ba Tweed ya nufa ba. Samuel Tilden ya nufa, gwamnan New York mai neman shugabancin ƙasa, yana zolayarsa cewa yaƙin da yake iƙirarin yi da rashawa a kan ƙananan ɓarayi yake ƙarewa. Wannan takarda ita ta isa hannun jami'an Vigo.

Ga inda labarin ya juya. Jami'an ba su jin Turanci, ba su san Tilden ba, ba su san Tammany Hall ba. Suka dubi zanen suka ga ƙato da kulki ya riƙe yara biyu, suka yanke cewa ɓarawon yara ake nema. Da Carmen ta iso suka hau, suka duba fuskoki, suka ga hancin da idanun, suka kama shi. Labarin da ya fara isa Amurka ta wayar tangarahu ma cewa ya yi an kama wani mutum kan satar yara. Sun yi kuskuren laifin, amma ba su yi kuskuren mutumin ba. Abin da Tweed ya ji tsoro a New York, wato idon wanda bai iya karanta rubutu ba, shi ya cim masa a wata nahiyar. Mu da ke zaune inda Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci da Faransanci ke cuɗanya a kasuwa ɗaya, mun san yadda takarda ke zama bebiya da zarar ta ƙetare iyaka. Zane ba ya neman tafinta.

Jirgin yaƙin Amurka mai suna Franklin ya dawo da shi New York ranar 23 ga Nuwamba 1876. Ya yi tayin tona asirin abokan satarsa don a sake shi, ya tona ɗin, amma ba a sake shi ba. Ciwon huhu ya kashe shi a gidan yarin Ludlow ranar 12 ga Afrilu 1878, yana da shekara 55.

Kada ka ɗauka Nast waliyyi ne. Alƙalamin da ya tona ɓarayi shi ya zana mutanen Ailan da mabiya ɗariƙar Katolika cikin siffofi na wulaƙanci, kuma wannan zalunci ne da ba zan wanke shi daga gare shi ba. Sana'ar tana da kaifi biyu, kuma masu yin ta a ƙasarmu sun gaji duka biyun, tun daga Akinola Lasekan da ya riƙa caccakar mulkin mallaka a jaridar West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe, har zuwa Mustapha Bulama da zanensa a Daily Trust ke yawo a wayoyinmu yau.

To, ya aka ƙare da mutumin da ya ƙi dala 500,000? A 1884 kamfanin hada-hadar kuɗi na Grant da Ward, inda ya zuba dukiyarsa, ya rushe da ita. A 1886 ya bar Harper's Weekly, ya gwada tasa jaridar ba ta yi ƙarko ba, bashi ya taru. A 1902 Shugaba Theodore Roosevelt ya ba shi aikin ƙaramin jakada a Guayaquil, ƙasar Ekwado, ya karɓa don yana bukatar albashin. Bayan 'yan watanni cutar shawara ta ɓarke a garin. Ta kashe shi ranar 7 ga Disamba 1902, yana da shekara 62.