Kunne Ɗaya Bai Isa Ba

Iyayen da ke zirga-zirga da yaro mai ciwon kunne tsakanin Asibitin Muhammad Abdullahi Wase da ke Nassarawa GRA da na Malam Aminu Kano sukan ɗaga murya da ƙorafi guda: an yi tiyata, ruwa ya daina zuba, amma kunnen ba ya ji, don haka aikin ne ya kurumtar da shi. Gaskiya ne tiyata kan rage ji wani lokaci, sai dai mafi yawan ɓarnar ta riga wuƙar likita. Mugunyar da ta shekara tana zuba ta hujin dodon kunne, ana share ta da gashin kaza, tana cinye ƙananan ƙasusuwan nan uku masu isar da sauti ciki. Idan fata ta taru a bayan dodon tana cin ƙashi, likita kan kankare wurin ne domin kada cutar ta kai ga sanƙarau ko ƙurji a ƙwaƙwalwa. Rai ake fara cetowa, gyaran ji ya biyo baya, sau da yawa a aiki na biyu.

Inda muke sakaci shi ne bayan sallama, lokacin da ake cewa ai ɗayan yana ji, a gode wa Allah. Godiya wajibi ce, amma ƙwaƙwalwa da kunnuwa biyu take gane inda sauti ya fito, da su kuma take tsamo muryar malami daga hayaniyar aji. Yaron da zai tsallaka Titin Audu Bako yana jin hon, bai san ta wane gefe motar ke tafe ba. Binciken Bess da Tharpe a Amurka cikin shekarun 1980 ya gano kusan kashi ɗaya bisa uku na yara masu ji da kunne guda sun maimaita aji. A wajenmu kuwa sai a kira irin wannan yaro daƙiƙi ko mai kunnen ƙashi.

Wani zai ce na'urar ji ta fi ƙarfin talaka. Haka ne, amma zaunar da yaro a sahun gaba, lafiyayyen kunnensa na wajen malami, ba ya cin kobo. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa tana Kaduna tun 1999. Ita ya kamata ta jagoranci tilasta gwajin ji kafin tiyata da bayanta, a kuma bai wa iyaye takardar da za su kai wa shugaban makaranta.