Ƙungiyarku Za Ta Ɗore Kuwa? Abubuwa Biyar Da Ya Kamata Ku Riƙa Aunawa



Duk lokacin da na tambayi shugaban wata ƙungiyar gama kai yadda ƙungiyarsu take, amsar kusan ɗaya ce: "Alhamdulillahi, mambobinmu sun ƙaru, mun yi rajista, muna jiran tallafi." To amma fa yawan mambobi da satifiket ba su ne ke nuna ƙungiya za ta rayu ba. Mun ga abin da ya faru bayan Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Kebbi a 2015. Ƙungiyoyi suka yi ta tsirowa don karɓar bashi, kuɗi na ƙarewa da yawansu suka watse.

A 2013 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fitar da wani ma'auni mai suna SAFA. Ɓangare huɗu yake dubawa: shugabanci, muhalli, tattalin arziki da jin daɗin jama'a. Littafin yana da girma, amma a ganina ƙungiyar masu kiwo za ta iya taƙaita shi zuwa lissafi biyar a littafin sakatare.

1. Abinci nawa ya zama nama? Abinci shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwo, don haka nan za a fara. A ce tarwadarka ta ci buhu 80 mai kilo 15, wato kilo 1,200, ka kwashe kifi kilo 900. Raba 1,200 da 900, ka samu 1.3. Ma'ana kowane kilo ɗaya na kifi ya ci kilo 1.3 na abinci, wannan ba laifi. Idan maƙwabcinka a ƙungiya ya samu 2, akwai matsala: ko irin ba shi da kyau, ko abincin, ko yaron gona na zubawa barkatai. A burola ta sati shida, a yi ƙoƙari kada ya kai 2. Amfanin ƙungiya ke nan, a jera lissafin kowa, wanda ya iya ya koya wa wanda bai iya ba.

2. Nawa suka mutu? A rubuta adadin 'yan tsaki ko 'ya'yan kifin da aka zuba, da adadin da aka sayar. A burola, mutuwar da ta wuce 5 cikin 100 abin bincike ce. In kuwa mambobi da yawa suka yi asara a zubi ɗaya, a koma a duba inda aka sayo irin.

3. Bashi da ajiya. Cikin kuɗin da aka ranta wa mambobi, nawa ya dawo a kan lokaci? Nawa ake warewa daga riba don ranar da murar tsuntsaye ta shigo ko farashin masara ya tashi? Ƙungiyar da ke rabe ribarta kakaf duk shekara, annoba ɗaya ta ishe ta.

4. Ruwa, kashi da magani. Sau nawa ake canza ruwan kifi, kuma ina yake tafiya? Wanda ya sake shi a lungu ya jawo wari da rigima da maƙwabta, wata rana sai hukuma ta rufe gonar. Wanda ya karkata shi zuwa lambun alayyafo ya samu kuɗi biyu. Haka kashin kaji, buhu nawa aka sayar wa manoma? Sannan mutum nawa ke jiran kwanakin da aka rubuta a jikin magani su cika kafin su sayar da ƙwai ko nama?

5. Su wa ke yanke shawara? Cikin ƙa'idoji bakwai na ƙungiyoyin gama kai da aka amince da su a duniya a 1995, akwai cewa mambobi ne ke da iko, kowa da ƙuri'a ɗaya. To mutum nawa ke zuwa taro? Yaushe aka yi zaɓe na ƙarshe? An karanto lissafin kuɗi a gaban kowa? Mata da matasa nawa ke cikin kwamiti? Idan ciyaman da ma'aji kaɗai suka san abin da ke asusu, gaskiya wannan kasuwancin mutum biyu ne da sunan jama'a.

Lissafin zubi ɗaya ba ya nuna komai. Sai an jera na zubi uku ko huɗu sannan za a gane gaba ake yi ko baya. Kuma ba a buƙatar kwamfuta: littafi, sikeli da sakatare mai amana sun wadatar. Ko banki za ku je neman rance, wannan littafin ya fi doguwar wasiƙa tasiri.

A taronku na gaba, ku ɗauki biyu na farko ku fara da su. Kowa ya zo da lissafin buhunansa da na mace-macensa.

Allah Ya sa wa kiwonmu albarka, amin.