Hausa Cikin Rigar Turanci A Fagge Da Sabon Gari

Tun da aka kafa Sabon Garin Kano a 1913 Turanci ke cuɗanya da Hausa a bakin akawuna da 'yan kasuwa. Aron kalmomi kamar "tebur" da "canji" bai ɓata kome ba. Inda gizo ke saƙar shi ne jimlar da kalmominta Hausa ne, ƙirarta kuwa ta Turanci. Sai ma'aikaci ya ce wa dattijo a Kantin Kwari, cikin Fagge, "A ƙarshen rana za a biya ka," nufinsa "daga ƙarshe". Dattijo kuwa ya zauna jiran kuɗinsa har magariba. Wasu kam sun zauna daram. "Ɗaukar mataki" ta cika takardun ofis, har ɗalibai na zaton gadon kakanni ce.