Ruwan farko da launin tabkunan Dallol Mawuri

A ƙaramar hukumar Geceme, cikin gundumar Tibiri ta jihar Doso, kowa ya san yadda tabki ke sauya kama da zarar an yi ruwan farko mai ƙarfi a watan Yuni. Ruwan kan yi ja ko ya yi duhu, sai a ce laka ce kawai. Amma idan aka ɗebo shi a kwalba aka bar shi ya kwana, lakar za ta kwanta a ƙasa, ruwan sama kuma ya ci gaba da zama kamar shayi marar ƙarfi. Wannan launin da ya ƙi kwanciya, narkakken ruɓaɓɓen abu ne, wanda ko an tace da ƙyalle yana wucewa.

Asalinsa sananne ne. Wata bakwai zuwa takwas na rani, karan hatsi, ganyen da ya zube, kashin shanu da na awaki duk suna taruwa a gonaki da burtali, rana na gasa su. Ruwan farko sai ya jiƙa su kamar yadda ake jiƙa ganyen shayi, koramu su kwashe romon zuwa fadama. Shi ya sa hadari ɗaya na farkon damina kan kawo abin da ruwa da yawa na watan Agusta ba su kawowa, domin zuwa lokacin ƙasa ta riga ta wanku.

Dallol Mawuri, wanda aka sanya cikin jerin dausayin yarjejeniyar Ramsar a 2004, tsohon kwarin kogi ne da ba ya gudu daga farko zuwa ƙarshe. Tabkuna ne jere, don haka abin da ya shigo yakan zauna nan. Ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna cinye shi, suna kuma zuƙe iskar da kifi ke shaƙa cikin ruwa. Ga zafi, ga ruwa tsaye: karfasa ce ke fara tasowa sama tana haki, tarwaɗa kuwa takan jure tun da tana iya shaƙar iska daga waje.

Abin da ya fi shafar gida shi ne ruwan sha. A cikin dallol ruwan ƙasa yana kusa, rijiyoyi da yawa ba su da zurfi, kuma wadda ba ta da dakali malale na iya shiga cikinta. Ruwan Javel da ake ɗigawa don kashe cuta yakan ƙare wajen faɗa da wannan narkakken abu kafin ya kai ga ƙwayoyin gudawa. Adadin da ya wadatar a watan Maris yana iya gazawa a Yuli. A bar ruwan ya kwanta, a tace, sannan a sa magani.

Masana sun fi nazarin lamarin a bakin teku, inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri. Kogin Isa, bayan ya wuce Gaya, yana ƙarewa ne a irin wannan wuri a kudancin Najeriya. Can gishiri kan dunƙule wani ɓangare na abin ya nutse, rana ta kodar da wani, saura ya shige teku. An ƙiyasta cewa kogunan duniya na kai wa teku kimanin tan miliyan 200 zuwa 250 na narkakken sinadarin kabon a shekara. A jihar Karolina ta Arewa a Amurka, guguwar Floyd ta 1999 da Florence ta 2018 sun wanke dazuzzuka da fadamu, suka tura baƙin ruwa bakin kogin Neuse, iskar cikin ruwan ta ragu na tsawon makwanni.

Bambancin shi ne can teku na shiga tana fita, sannu a hankali tana wanke wurin. Tabkin Geceme ba shi da mai wanke shi, kuma yayin da rani ke ƙafar da ruwan, abin da ya rage ciki sai ƙara kauri yake yi.