Doguwar Tafiya A Kan Keke Ga Mai Shekara 40 Ko 50

Ya kai maigida, akwai wata al'ada ta mahaya keke a Ingila da Amurka wadda ta fara shigo mana ta bakin 'yan birni. Idan ranar haihuwar mutum ta zagayo, sai ya hau kekensa ya yi tafiyar mil daidai da yawan shekarunsa. Mai shekara 50 ya yi mil 50, watau kilomita 80. Mu nan yawancinmu ba mu riƙe ranar haihuwa ba, sai dai a ce shekarar fari kaza, ko shekarar da aka naɗa hakimi wane. Amma buri irin wannan muna da shi. Mutum ya ga furfura ta fito, 'ya'ya sun girma, sai ya ce bari ya gwada ko ƙarfin nan yana nan, ya ɗauki keke ya nufi garin 'yan'uwa da ya daɗe bai je ba.

Abin kirki ne, ba na hana ka. Keke yana ƙarfafa zuciya, yana rage ƙiba, yana taimakon mai ciwon suga, ga shi ba ya cin gwiwa kamar gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki kowane mako. Tsufa kuwa shi kaɗai ba ya hana hawan keke. Wani Bafaranshe, Robert Marchand, a watan Janairu na 1917 yana ɗan yaro, a watan Janairu na 2017 kuwa yana da shekara 105 ya yi kilomita 22 da rabi cikin awa ɗaya. Amma shi shekaru da yawa ya yi yana hawa kullum, likitoci suna duba shi. Wataƙila kuma ka ji labarin Mamadou Safayou Barry, mutumin Gini, wanda ya tashi a kan keke a 2023 don neman karatu a Azhar ta Masar, ya ratsa Mali da Nijar har Cadi. To, shi shekararsa 25. Kai ka ninka shi, saboda haka shirinka dabam ne.

Fara zuwa awo

Tun kafin ka duba tayar keke, zo a duba ka. Babban abin da muke tsoro ga mai shekarunka shi ne hawan jini, gama shi ba ya sallama. Mutum yana noma, yana cin tuwonsa, ba ciwon kai ba jiri, alhali jininsa ya hau. Sau da yawa a ɗakin shan magani nakan auna ƙaton mutum wanda ya rako matarsa kawai, in tarar shi ne marar lafiyar, ba ita ba. Awon ba ya kai minti 5, ba allura, ba zafi. Idan aka auna a ranaku 2 dabam aka sami 140 bisa 90 ko fiye, hawan jini ne, sai a fara magani a daidaita shi. Idan ya kai 180 bisa 110, ajiye maganar tafiya gaba ɗaya sai likita ya yarda. Mai irin wannan jini in ya matsa wa kansa a hawan tudu, jijiya tana iya fashewa a ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Ka tuna wanda zai ciyar da gidan in haka ta faru.

A nemi a gwada sugan jininka kuma. In kana shan maganin suga ko kana yin allurarsa, aiki mai tsawo yana iya sa sugan ya faɗi ƙasa ƙwarai, ka ji rawar jiki da gumi mai sanyi da yunwa da ruɗewa. Maganinsa nan take dabino ko ƙwayar suga, sai su zauna a aljihunka, ba a ƙasan jaka ba. Mai ƙaba, da mai basir da ke zub da jini, da wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba, su faɗa wa malamin asibiti tukuna. Kada kunya ta sa ka ɓoye. Kuma kada ka bar shan maganin hawan jini ranar tafiya wai don ya rage sa ka fitsari.

Koya wa jiki

Na san abin da za ka ce: ai kullum kana zuwa kasuwa a kan keke da buhun gero a baya. Gaskiya ne, kuma wannan ya ba ka rata a kan ma'aikacin ofis. Amma zuwa kasuwa kilomita 8 ne ko 10. Keken kasuwa, da mutum mai shekarunka a kai, yana yin kilomita 12 zuwa 15 a awa. Kilomita 80 ke nan awa 6 ko 7 a kan sirdi, ban da hutu. Ni a ganina, in dai shekaru za ka ƙirga, ƙirga su da kilomita, ba da mil ba. Kilomita 50 ga mai shekara 50 ba abin raini ba ne.

Ba jikinka wata 2. Hau sau 3 ko 4 a mako, ka riƙa ƙara nisa kaɗan kaɗan, rana ɗaya a mako ka yi mai ɗan tsawo, kashegari ka huta. Kafin ranar tafiya ya kamata ka riga ka yi kashi 2 cikin 3 na nisan, ka kwana ka tashi garau. Ga yadda za ka san saurin da ya dace da kai: in kana iya taɗi da abokin tafiyarka kana tuƙi, daidai ne. In numfashi ya hana ka ƙarasa magana, ka yi sauri da yawa.

Gyara tsawon sirdi. Zauna, ka ɗora diddige a kan feda tana ƙasa, ƙafarka ta miƙe sosai. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa.

Rana da ruwa

A nan ne mutane suka fi halaka kansu. Daga Maris zuwa Mayu zafi a ƙasashenmu yakan kai awo 40 har ya wuce, kwalta kuwa ta fi haka. Kada ka sa tafiyarka a bazara ko da ranar haihuwarka a cikinta ta faɗo. Jinkirta ta zuwa bayan kaka, Nuwamba ko Disamba, sa'ad da iska ta yi sanyi, amfanin gona ya shiga rumbu. In hazo ya yi kauri har direba ba ya hangen nesa, bari sai ya washe. Kada kuma ka haɗa ta da azumi.

Tashi da an sallame Asuba gari ya yi haske. Da ƙarfe 11 nemi inuwa ka sauka, ka ci, ka kishingiɗa, sai bayan La'asar ka sake hawa. Kafin Magariba ka kasance a masauki. Tafiya irin ta Kano zuwa Zariya, wadda ta kai wajen mil 100, a raba ta kwana 2 ko 3, ba wanda zai tambaye ka a kwana nawa ka yi ta.

Ruwa kuwa a sha kaɗan kaɗan tun ƙishi bai matsa ba, kamar rabin lita kowace awa, in ana zafi a ƙara. Gumi ba ruwa kaɗai ba ne, da gishiri a cikinsa, shi ya sa kake ganin fari-fari a rigar manomi. In ruwa zalla ka yi ta ɗirka yini guda ba ka ci kome ba, jiki zai yi laushi. Saboda haka ka riƙa cin ɗan abu kowace awa: dabino, ayaba, gyaɗa mai gishiri, ƙuli-ƙuli, dafaffen dankali. Ka tafi da ƙunshin gishiri da suga irin wanda muke bayarwa don zawo. In babu, haɗa da kanka: ruwa mai tsabta lita 1, suga cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokali. Kada ka ƙara gishiri bisa wannan. Duba fitsarinka duk sa'ad da ka tsuguna. In fari ne ko ɗan rawaya, lafiya. In ya yi ja kamar shayi, ko ka yi awa 5 ba ka yi ba, ruwan jikinka ya ƙare, sauka ka sha.

Ruwan hanya ba duka ne na sha ba. Cika goranka da tafasasshe daga gida. In zafi ya dame ka ka ga kududdufi, kada ka faɗa ciki, nan ake ɗaukar tsargiya.

Wani abu kuma. Akwai masu sayar da ƙwayoyi a tasha da za su ce maka ga maganin gajiya. Tiramadol yana rufe ciwon da jiki ke yi maka gargaɗi da shi, yana kawo jiri, yana iya jawo farfaɗiya a tsakiyar titi. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen kuwa, in aka sha su jiki ba ruwa, suna ɓata ƙoda. Bar musu kayansu.

Inda za ka tsaya ko da saura kaɗan

Riƙe wannan da kyau, ka karanta wa abokin tafiyarka. In ka ji nauyi ko matsi a ƙirji, ko ciwon ya gangara hannu ko muƙamuƙi, in numfashi ya ƙi dawowa bayan ka huta, in zuciya tana bugawa ba bisa ƙa'ida ba, in jiri ya ɗebe ka ko ido ya yi duhu, in baki ya karkace ko hannu ɗaya ya mutu, to tafiya ta ƙare. Kada ka ce bari in ƙarasa garin can da ake hange. A tsai da mota, a sa ka da keken a ciki, a nufi asibiti mafi kusa.

Kai kuma abokin tafiya, in ka ga ɗan'uwanka jikinsa ya yi zafi rau, yana magana ba kan gado, yana tangaɗi, rana ce ta buge shi, kuma tana kisa da sauri. Kai shi inuwa, tuɓe masa riga, kwarara masa ruwa daga kai har ƙafa, yi ta fifita, ka aika neman mota kana cikin yin haka. In ya suma kada ka ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe. Kwantar da shi ta gefe ɗaya.

Domin wannan ne nake cewa kada ka tafi kai kaɗai. Nemi aboki ko babban ɗanka.

Keke da hanya

Mako guda kafin tashi kai shi wurin mai gyara ya duba birki da sarƙa da taya. Ɗauki famfo da faci da sholisho da tif ɗaya sabo. Tun 1972 hannun dama ake bi a Nijeriya, bi can gefe, ku jeru ɗaya bayan ɗaya. Sa farar riga, ka naɗe ƙafar wando kada sarƙa ta kama. Babbar riga a ninke ta a jaka sai an isa. In ka sami hular kwano sa ta, kai ba ya ɗaukar faci. Kada ka kama bayan babbar mota don ta ja ka. Tambayi direbobin tasha halin da hanyar ke ciki kafin ka sa rana, in sun ce ba lafiya, sake hanya.

In ka faɗi ka ƙuje, wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, ka rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a zuba ƙasa ko toka ko baƙin mai. Sa'an nan ka biya ɗakin shan magani na farko a duba ko kana bukatar allurar rigakafin sandarewar jiki, musamman in ta fi shekara 10 rabonka da ita.

Ka bar wa uwargida sunayen garuruwan da za ka bi da gidan da za ka kwana, ka cika wayarka da caji. Rubuta sunanka da na garinku da magungunan da kake sha a 'yar takarda, ka sa a aljihun gaba. Bayan ka komo da mako guda, zo a sake auna jininka, ka zo da katinka na awon farko.